Fatar Maraɗi, Sunan Maroko

Littafi Mai Tsarki na farko da na saya da kuɗin gumina na sabuwar fassara ne, wadda aka gama a 1979. Bai yi shekara goma a hannuna ba bangonsa ya rabu da shi. Zufa ta ci, ƙurar hunturu ta ci, ɗaurin bayan keke ya ƙarasa sauran. Farawa ta soma zubewa daga gaba, Wahayin Yahaya kuma daga baya. Wani ya ce in liƙe da ƙaro, wani ya ce in sayi sabo in huta. Ni kuwa duk abin da na rubuta a gefen shafi cikin waɗannan shekaru yana ciki, don haka na naɗe shi a tsumma na kai wa wani tsohon baduku a kasuwar Maraɗi.

Tsohon Musulmi ne. Ya tambaye ni ko wane littafi ne, na gaya masa Attaura ce da Zabura da Linjila a haɗe. Sai ya goge hannunsa, ya karɓa, ya ɗora a cinyarsa, bai yarda ya ajiye a ƙasa ba. Ya ce in komo bayan kwana takwas. Da na komo na tarar ya ɗinke takardun da suka kwance, ya yi wa littafin riga ta jar fatar akuya mai marfi, da ɗan zane baƙi a gefe. Ina cikin yaba aiki sai ya ce mini, "Ai wannan fata ita Turawa suke nema tun zamanin kakana, sai dai in ta kai can sunan wasu take amsawa." Na ɗauka zancen kasuwa ne. Daga baya, da na shiga bin tarihin abin, na ga tsohon bai ƙara gishiri ba.

Labari mafi tsufa da aka rubuta a kan dukancin wannan yanki namu ya fito daga wani mutumin Fas ta ƙasar Maroko, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da suna Leo Africanus. Ya gama littafinsa a kan Afirka a 1526, aka buga shi a Italiya a 1550. Masana suna gardama ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko kuwa daga bakin fatake ya ji, amma abin da ya faɗa a kan Gobir a fili yake. Ya ce akwai masu ɗinkin takalma da yawa a can, takalman kuma irin na Romawan dā ne, ana ɗaukarsu zuwa Tambutu da Gawo. Ashe shekara ɗari biyar da suka wuce, tun Gobirawa ba su yi mafarkin kafa Tsibiri ba, aikin hannun dukawansu ya riga ya zama kayan fatauci.

Bayan shekara ɗari uku sai ga Baturen Ingila, Clapperton, ya iso Kano a 1824. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne tandu, yadda ake jiƙa ɗanyar fata a lulluɓe ta a kan siffar da aka gina da yumɓu, in ta bushe a fasa yumɓun a zazzage, a sami mazubin mai ko zuma wanda ba ya fashewa a kan jaki. Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, shi ne ya yi lissafi. Ya biyo ta Agadas da Tasawa da Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. A kimantawarsa takalman da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 10, jemammun fatu da jajayen fatun tumaki kuma na wuri miliyan 5, waɗansu har Tarabulus ake kai su. Kada mu cika baki fiye da kima: a lissafin nan nasa tufafin saƙa da rini sun kai na wuri miliyan 300, wato fata ƙanwa ce ƙarama a gaban tufa. Sai can wajen ƙarshen ƙarnin ne, sa'ad da cinikin hauren giwa da gashin jimina ya yi ta hawa da sauka, jemammiyar fatar akuya ta zama ɗaya daga cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka.

Hanyar kuwa ta ƙasarmu ta bi. Daga Kano a zo Damagaram, a bi ta Damargu a hau Abzin, a ratsa hamada zuwa Gat da Gadamas, sa'an nan Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce a bayan raƙumi. Larabawan Gadamas su ne manyan 'yan kasuwar hanyar, suna da gidaje a Kano da Damagaram, Buzaye kuma su ne masu raƙuma. Daga Tarabulus jiragen ruwa suka riƙa kwasar fatun zuwa Ingila da Amurka.

To, ina Maroko ta shigo? Tun da daɗewa Turawa sun saba sayen lallausar fatar akuya mai launi daga tashoshin Afirka ta Arewa, sai suka laƙaba wa irinta duka sunan Maroko, ko daga ina ta fito. A nan ya kamata a yi gaskiya, gama na sha jin ana cewa duk fatar Maroko tamu ce. Ba haka ba ne. Fas da Marrakesh suna da manyan wuraren jima nasu tun tuni, har yanzu kuma suna aiki. Abin da ya tabbata shi ne, wani kashi mai kyau na abin da aka sayar a Turai da wannan suna daga hannun majeman Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a nan ba kuɗin kaɗai gardi ya karɓa ba, har da suna.

Ita akuyar ma da kanta suna biyu gare ta. Ingilishi suka ce jar akuyar Sakkwato, Faransawa suka ce jar akuyar Maraɗi, alhali akuya ɗaya ce, iyakar da Turawa suka ja ce ta ratsa ta tsakiyar garke. Gashinta gajere ne, fatarta ba kauri, amma saƙar jikinta a matse take, ga ƙarfi, ga fuska mai laushi. Shi ya sa masu yin safar hannu da takalman mata da bangon littattafai suka fi sonta a kan sauran.

Amma kyawun akuya rabin magana ne. Sauran rabin yana hannun majemi, mutumin da kowa ke toshe hanci in ya wuce ta unguwarsa. Na zauna da su na ga aikin. Fata takan zo daga mahauta da gashinta, a jiƙa ta, a tsoma ta cikin ruwan toka kwana biyu ko uku har gashin ya saki. Sai a shimfiɗa ta a bayan turmi ko gungume, a kankare da wuƙa mai ƙota biyu, gashi ta wannan gefe, sauran nama da kitse ta wancan. Daga nan a sa ta cikin ruwan kashin tattabaru ko na kaji, waɗansu kuma ciyawar fatakka suke dakawa, domin ta yi laushi ta saki tokar da ta sha. Wannan mataki shi ne tushen warin majema. Sa'an nan a zo ga bagaruwa. 'Ya'yanta ake dakawa a jiƙa a kwatarniya, a riƙa cuɗa fata a ciki ana juyawa, ana sake ruwa, har bagaruwar ta ratsa ta. Majemi yakan yanki ɗan gefe ya duba, in da sauran fari a tsakiya, to, ba ta jemu ba tukuna. In ta jemu a wanke, a shafe ta da man gyaɗa, a ja ta a murza har ta yi taushi kamar tsumma.

Rinin ma daga gona da maƙera yake fitowa. Ja daga karan dafi, irin dawar nan da ake shukawa ba don ci ba sai don jan ɓawon da ke rungume da kararta. A daka shi da ruwan toka, a shafa, a bi da ruwan lemun tsami ko tsamiya don jan ya haskaka. Rawaya daga gangamau. Baƙi daga kuloko, wato ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki: da ƙarfe ya gamu da bagaruwar da ke cikin fata, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin. Koriyar fata kuwa, korino, da garin tagulla ake yinta, gidajen da suka iya ta kuma ba su cika faɗin sirrinta ba. Matan maƙeran Buzaye a Abzin, waɗanda su ne dukawan wannan al'umma, sun daɗe suna sayen korino daga Kano domin adon jakunkunansu.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin tarihin nan a ɗakunan karatu na Ingila ya faru. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kula da littattafai suka lura bangon littattafan da aka yi kwanan nan yana rugurgujewa ya zama jan gari, alhali na shekara ɗari uku yana nan daram. Wata ƙungiyar masana a London ta naɗa kwamiti, ya fitar da rahoto a 1901. Aka gano laifin na sababbin hanyoyin jima ne na gaggawa, da ruwan asid da masana'antu ke sa wa fata, da hayaƙin fitilun gas da ake kunnawa a ɗakunan. A shekarar nan ce wani shahararren mai ɗinkin littattafai, Douglas Cockerell, ya buga littafinsa na koyar da sana'ar, a ciki ya ce fatar da ya fi samun amfaninta ita ce ta akuya wadda Kamfanin Neja, Royal Niger Company, ke kawowa daga Afirka, domin ta jure gwaje-gwajen da aka yi mata. Wato abin da majemi ke yi da bagaruwa a kwatarniya, ba injin ba asid, shi ya fi na masana'anta ƙarko. Tun daga lokacin sunan Neja, wato kogin Kwara, ya shiga bakin masu ɗinkin littattafai a matsayin sunan fata mai daraja, aka yi ta rufe manyan littattafai da ita, har da Littafi Mai Tsarki masu tsada na kan bagade. An matso kusa da gida ke nan, amma har yanzu sunan kogi ne da kamfani, ba na majemi ba.

Cockerell bai yi yabo kaɗai ba. Ya yi kukan cewa fatu da yawa suna zuwa da tabo da lahani har ba su da amfani. Wannan ma gaskiya ne, duk wanda ya sayi fata a kasuwa ya sani: ƙaya ta karce ta tun akuyar tana da rai, wuƙar mahauci ta huda ta wajen fiɗa, an shanya ta a ƙasa cikin tsakar rana ta ƙone. Maganin da gwamnatocin mulkin mallaka suka kawo, na Ingila da na Faransa duka, shi ne ma'aikatan duba fata, da koya wa mahauta fiɗa da hankali, da shanya a inuwa a rataye. Fatar ta ƙara kyau ƙwarai. Sai dai wani abu ya biyo baya wanda majema ba su yi murna da shi ba. Kamfanoni suka gwammace su sayi fata ɗanya busasshiya, su kai ta Turai a jeme ta yadda suke so. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekarar nan kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Ayarin hamada ya mutu a tsaye. Fatar da dā take fita ta arewa a jeme a rine, ta koma fita ta kudu da gashinta. Mai akuya da mahauci da dillali suka ci gaba da samu, majemi kuwa aka bar shi da kasuwar gida.

Kasuwar gidan ma ba ƙarama ba ce a lokacin. Mai karatu ya tuna gidan kakansa: guga da salka, warki, buzu, burgami, taiki, alabe, zabirar wanzami, kuben wuƙa, gafakar malami, ga kayan doki tun daga ragama har adon sirdi. Rabin kayan gida daga hannun baduku yake fitowa. Kowane babban gari yana da unguwar dukawa da sarkinsu, kamar Dukawa a Kano da Maɗunka a Sakkwato. Inda duk Bahaushe ya yi zango kuma sana'ar ta bi shi. A Tamale ta ƙasar Gana wurin jima yana cikin zangon Hausawa, sunansa Majema, masu aikin fata a Gana kuma har yau bagaruwa da karan dafi suke cewa, da Hausa. A Marwa ta Kamaru jima da dukanci suna cikin abin da aka san garin da shi. Roba ce ta zo ta yi wa wannan kasuwa illar da jirgin ƙasa bai yi ba. Guga ta koma ta tsohuwar tayar mota, salka ta koma jarka, takalmi ya koma silifa. Manyan masana'antun jima da aka kafa a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, da gishirin kurom suke aiki, wanda ke gama jima cikin kwana ɗaya, mafi yawan abin da suka jeme kuma ƙetare yake tafiya, ya dawo mana a matsayin takalmin Italiya. Fatar saniya kuwa, tukunya ta raba majemi da ita, an cinye ta a ganda. A shekarun 2020 ne ƙasar Nijar ta nemi a yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajista da sunanta, tare da kilishi da cuku da albasar Galmi. An makara, amma gara haka.

Yanzu bari in zo kanmu, mu masu bi. Ranar Lahadin da na fara shiga majami'a da littafina cikin sabuwar rigarsa, wani dattijon ikilisiya ya kira ni gefe bayan sujada. Ya ce abin ya yi kama da gafakar malamai, ya kuma tambaye ni ko na san hannun da ya ɗinka wannan shi ne yake ɗinka laya. Ban ji daɗi ba, amma ban raina maganarsa ba. Mutum ne wanda ranar da ya karɓi Almasihu ya kwance layu da kambu da guru daga jikinsa ya zuba a wuta a gaban danginsa, abin kuma ya jawo masa hasara mai yawa. A idonsa jar fata mai ɗinki a gefe tana da ma'ana ɗaya tak. Ba shi kaɗai ba ne. Na kuwa gaskata wannan yana cikin dalilan da suka sa da wuya ka ga baduku a cikinmu.

Akwai wani dalili wanda ya fi wannan sauƙin ganewa. Dukanci da jima sana'o'in gado ne, na cikin birni, uba ya koya wa ɗa. Bishara kuwa, tun da mishan ta SIM ta zauna a Damagaram a 1924, sa'an nan Tsibiri, sa'an nan asibitin Galmi a 1950, ta fi samun shiga a wurin manoman ƙauye da majinyata da 'yan makaranta. Ba mu gaji basilla ba. Abin da aka koya wa iyayenmu shi ne kafinta da gini da ɗinkin keke da aikin asibiti da koyarwa, ɗan da ya yi lakwal kuma ba wanda yake so ya gan shi zaune a ƙasa da fata a cinya. Wuri ɗaya da aikin fata ya shiga hidimar mishan sosai shi ne wajen masu ciwon kuturta. Ƙafar da ba ta jin zafi takan taka ƙaya ko ƙusa mai ita bai sani ba, gyambo ya kama, har a rasa ƙafar. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Indiya, ya nuna cewa yawancin lalacewar gaɓoɓi daga irin wannan rauni take, ba ciwon ne ke cin nama ba, takalmin da aka auna wa ƙafa mai laushin ciki kuma yana hana ta. Daga nan ɗakin ɗinkin takalma ya zama sashe na asibitocin kuturta a ƙasashe da yawa.

Da na koma gida ran nan na buɗe littafin da ake gardama a kan rigarsa, na shiga neman fata a cikinsa. Ba ta da wuyar samu. Tufafin farko da aka ambata bayan ganyen ɓaure na fata ne, Ubangiji ne kuma ya yi su (Farawa 3:21). Cikin murfin alfarwa ta sujada akwai fatun raguna (Fitowa 26:14), waɗanda tsofaffin fassarori suka ce an rina su ja. Amma wurin da na fi daɗewa shi ne Ayyukan Manzanni 9:43, inda Bitrus ya sauka kwanaki da yawa a Yafa a gidan Saminu majemi. Mu da muka san majema ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gidan yana bakin teku, gama jima tana shan ruwa, maƙwabta kuma ba su son wari. Dokokin malaman Yahudawa da aka tattara daga baya sun ce a nisantar da wurin jima kamu 50 daga gari, sun kuma ba matar majemi izinin neman saki in ta kāsa jurewa. A kan soron wannan gida, da warin nan a hancinsa, Bitrus ya ga wahayin da ya hana shi kiran abin da Allah ya tsarkake mai ƙazanta, daga ƙofar gidan kuma ya bi manzannin Karniliyas zuwa Kaisariya. Bulus ma, sana'ar da ya yi tare da Akila da Bilkisu a Koranti ta ɗinkin tanti ce, malaman ikilisiya na farko da yawa kuma sun fahimce ta a kan aikin fata. Littafin kansa a kan fata ya iso mana. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogo kusa da Tekun Gishiri a 1947 fatu 17 ne aka ɗinke baki da baki, tsawonsa ya ɗara mita 7. Wani ne ya jeme su, wani ya ɗinka, ba wanda ya san sunansu. Ko William Carey, wanda ya tafi Indiya a 1793 ake kuma kiransa uban aikin mishan na zamani, daga kan bencin gyaran takalma ya taso.

Ban koma wurin dattijon da waɗannan ayoyi don in kā da shi ba. Ra'ayina dai shi ne, abin da ya ƙona ran nan ya cancanci wuta, amma abin da aka dogara gare shi a cikin layar ne ya ƙona, fatar ba ta yi laifin kome ba. Na koma wurin tsohon baduku na roƙe shi ya koya mini. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci mai albashi yana neman zama ɗan koyo ba. Na riƙa zuwa da la'asar in na tashi daga aiki, da ranar Asabar.

A ƙasarmu yin sana'a don sha'awa kawai baƙon abu ne. A Amurka ya daɗe da zama ruwan dare. Wani kamfanin sayar da fata da aka kafa a Texas a 1919, ɗan mai shi, Charles Tandy, ya ga yadda ake ba sojojin da ke jinya aikin fata a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ya dawo sai ya juya kasuwancin zuwa sayar wa mutanen gida fata da kayan aiki da littattafan koyo. Irin adonsu dabam ne da namu. Kaurin ƙirgin saniya suke jiƙawa, su tsaga zane da 'yar wuƙa mai juyawa, su bi da ƙananan ƙarafuna masu hatimi a baki suna bugawa da guduma har fure ya taso. Wani Baturen mishan da zai koma gida ya bar mini irin ƙarafunan nan guda goma sha biyu a cikin gwangwani. Na kai wa malamina ina taƙama. Ya gwada ɗaya a fatar akuya, ya buga, ƙarfen ya huda ta ya fita. Ya miƙo mini kayana, ya ce in ajiye sai ran da na sami saniya.

Adon baduku na Hausa ba ya bukatar kauri. Yakan ja layi da bayan wuƙa ko da ɗan ƙarfe mai dakushin baki a kan fata mai danshi. Yakan zana da kuloko. Yakan tsaga fuskar jar fata sama-sama, ya ɓare ta a wuraren da ya zaɓa, farin ciki ya bayyana, zane ya fito ja da fari. Wannan shi ne ya fi wuya, gama in hannu ya nutsa kaɗan an huda, in bai kai ba fuskar ta yage. Yakan yanke ƙananan siffofi a wata fata ya shimfiɗa korino a ƙarƙashi. Yakan kuma yi sūka da siraran zaren fata da ya yanka da kansa, siririn da bai fi tsinken tsintsiya ba. Kayan aikinsa duka ba su cika tafin hannu biyu ba: wuƙa mai faɗin baki, basilla manya da ƙanana, almakashi, dutsen wāshi, allon katako na yanka, da santsin dutse ko kwalba na goge fata. Maƙeri ne ya ƙera masa wuƙar. Basillar da ya fi so daga wayar ƙafar keke aka yi ta, ƙotar kuwa shi ya sassaƙa. Hatiman da yake buga ɗigo da tauraro da su manyan ƙusoshi ne aka goge kansu da magagari. Da ya ga ina son abin da gaske, ya aike ni wurin maƙerin da tsohon zarto, aka fitar mini da wuƙata daga jikinsa. Wata uku na farko ban ɗinka kome ba sai wāshi da yankan zare. Fata huɗu na lalatar kafin in fitar da rigar littafi wadda ba na jin kunyar nunawa, ita ma kusurwarta ɗaya a karkace take.

Tsohon ya rasu. 'Ya'yansa suna nan a rumfar, amma takalman roba da jakunkunan 'yan makaranta na kanti suke sayarwa, sai gyara jifa-jifa. Ni kuma daga majami'armu da na ƙauyukan kewaye ake kawo mini Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, waɗansu tun bugun fassarar 1932 da aka gada daga kakanni, takardarsu ta yi ja tana karyewa. Ga wanda ya ce ba ya son jar fata, baƙa nake yi masa, ba marfi, ba zane, don kada rigar littafi ta zama abin tuntuɓe.

Wahalata yanzu samun fatar kirki ce. Masu jima da yawa sun koma gaggawa, suna zuba ruwan batir da garin rini na kanti, fatar ta yi kyau a ido ta tsage bayan damina biyu. In zan saya, nakan shinshina tukuna, gama jimar bagaruwa tana da ƙanshinta. Nakan yanki ɗan gefe: ta kurom cikinta toka-toka ne mai shuɗi, ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa-ƙasa. Sa'an nan in jiƙa bayanta da yawu in goga tsohuwar ƙusa a wurin. In ya yi baƙi kafin mu gama gaisawa da mai fatar, sai mu shiga ciniki.